Na je Gunsan, garin da shinkafar Koriya ke bi ta tafi Japan

Ɗan yayata ne ya ja ni zuwa Gunsan. Yana karatun aikin gona a Jonju, can kudu maso yammacin Koriya ta Kudu, ni kuma harkar kayan gyaran mota ce ta kai ni ƙasar, da na gama abin da ya kai ni Incheon sai nace bari in leƙa yaron nan in ga yadda yake zaune, kar in dawo gida uwarsa ta ce na je har can ban duba mata ɗa ba. Ina isa yace Kawu ai ba zaman ɗaki za mu yi ba, tunda kai ma kana taɓa noman rani gobe zan kai ka ka ga kanal ɗin da ya shekara ɗari yana ba da ruwa. Ya aro motar wani abokin karatunsa, da sassafe muka kama hanya.

Lokacin kaka ne, watan Oktoba, sanyi ya fara shigowa. Koriya ƙasar duwatsu ce, duk inda ka juya tsauni ne a gabanka, amma kana fita daga Jonju ka nufi yamma sai ƙasa ta baje, shinkafa ta nuna jawur iya ganinka, injinan girbi na ta kai da komo, ga karan shinkafa an dunƙule an naɗe da farar leda an zube a gonaki za a kai wa shanu. Filin Honam kenan, rumbun ƙasar. Ita kanta hanyar da muke kai tun 1908 aka yi ta, shekara biyu kafin Japan ta haɗiye Koriya gaba ɗaya a 1910, kuma ba don mutanen ƙauye su riƙa ziyartar dangi aka yi ta ba, don buhu ya isa bakin teku da wuri ne. Layin dogo ya biyo baya a 1912.

Bakin ruwa muka fara zuwa. Gunsan na bakin kogin Geum ne inda yake shiga teku, an buɗe tashar ga jiragen waje a 1899, sai dai wurin yana da matsala, ruwan teku in ya ja baya sai ya bar taɓo fetal jirgi ya kasa matsowa. Shi ne Japanawa suka yi wata dabara, gadar ƙarfe ce doguwa, kai ɗaya a kafe a gaɓa, ɗaya kan yana kan wani katafaren dandali mai yawo a kan ruwa, in ruwa ya cika ta tashi in ya janye ta sauka, saboda haka lodi ba ya jiran ruwa. Sauransu na nan har yau duk sun yi tsatsa. Mun tarar ruwa ya janye, gadar ta sunkuya ƙasa sosai, ƙananan jiragen masunta sun kwanta a taɓo, ƙarnin kifi ko'ina. Na taka na ɗan sauka kaɗan, ina tuna cewa duk buhun da ya bi ta nan a bayan ɗan dako ya bi. Kusa da wurin akwai tsohon ofishin kwastan na jan bulo da aka gina a 1908, da tsohon banki da yanzu aka mai da gidan tarihi, mun shiga mun fito, hotuna ne na buhuna an jibge su sun fi gini tsawo.

Dalilin wannan ɗibar shinkafa yana can Japan. A 1918 shinkafa ta yi tsadar da talakawa suka yi bore a garuruwa da yawa har gwamnati ta faɗi, to daga 1920 aka fito da shirin ƙara noman shinkafa a Koriya don a ciyar da ma'aikatan masana'antun Osaka da Tokyo da araha. Noman ya ƙaru kam, amma abin da ake fitarwa ya fi ƙaruwa, shi kuma wanda ya noma sai aka riƙa shigo masa da wani ƙaramin gero daga Manchuriya, arewa maso gabashin ƙasar Sin, yana ci.

Daga nan muka yi tafkin Okgu, wanda shi ne ainihin abin da yaron ke son nuna min. Ni na saba da dam a ce an tare kogi, wannan babu kogin da aka tare, fili ne kawai aka zagaye da ganuwar ƙasa ta kowane gefe, ruwan kuma kawo shi ake yi ta kanal daga dam ɗin Daea da ke can cikin duwatsun Wanju, tafiyar da ta haura kilomita 50. A farkon shekarun 1920 aka yi aikin, wani attajirin Japan mai suna Fujii Kantaro shi ne uban tafiyar, kamfaninsa ya datse bakin teku ya mai da taɓon gishiri gona, kuma ba ka iya noma irin wannan ƙasa sai ka yi ta wanke ta da ruwan daɗi shekara da shekaru. Koriyawa ne suka yi dakon ƙasar da aka yi ganuwar da ita, da aka gama aka kawo iyalai daga Japan aka zaunar a wani sashe da sharaɗin gonar za ta zama tasu in sun gama biya, su kuma masu dakon suka zama 'yan haya. Na tsaya a bakin wata ƙofar ruwa ina kallon yadda aka raba shi, babban kanal ya ba matsakaici, matsakaici ya ba ƙanana, kowace gona da bakinta, wallahi aiki ne mai kyau, ko maƙiyi ba zai ce ba a iya ba. A nan na yi alwala na yi azahar a kan ganuwar, wani tsoho mai keke ya rage gudu ya kalle ni ya wuce.

Abin da na tambayi yaron shi ne tambayar da duk manomi zai yi, wa ya biya? Yace Kawu manomin da kansa. Tsarin shi ne a kafa ƙungiyar ban ruwa, ta farko a duk Koriya ma a nan Okgu aka kafa ta a 1908, daga baya a 1917 gwamnatin mulkin mallaka ta yi mata doka. In masu gonaki suka amince shi kenan duk wanda gonarsa ta faɗo cikin zanen ya zama ɗan ƙungiya ko yana so ko ba ya so, ita kuma amincewar ana auna ta da yawan ƙasa ma ba yawan kawuna kaɗai ba, ka ga mai gona dubu ya riga ya gama magana. Ƙungiya ta ci bashin banki ta yi dam da kanal, sannan a raba bashin da ruwansa a kan kowace gona duk shekara, a karɓa kamar yadda ake karɓar haraji. Mutumin da tun kakansa yana da ɗan tafkinsa ko 'yar madatsarsa ta gargajiya yana shan ruwa kyauta, shi ma yanzu takarda za ta zo masa. Da farashin shinkafa ya karye a 1930 kuɗin ruwa bai karye ba, ƙananan manoma suka yi ta sayar da gonaki, mai saye kuma ka san shi, babban mai gonar da ke gefe. Jiya gonarka ce, yau kai ɗan haya ne a cikinta, kana ba da rabin amfani ko fiye, kuma sau da yawa kuɗin ruwan da ya kamata mai gona ya biya a wuyanka zai dawo. A 1927 wata gonar Japanawa a nan yankin Okgu ta nemi kashi 75 cikin 100, manoma suka ƙi, aka kama shugabanninsu, jama'a suka yi gangami suka auka wa ofishin 'yan sanda.

Kada dai a ɗauka Japanawa ne suka koya wa mutanen nan ban ruwa, ko su suka fara zaluncin kuɗin ruwa. A Gimje, kudu kaɗan, akwai ganuwar tafkin Byeokgolje da tarihinsu ya ce tun shekara ta 330 aka yi ta, ginshiƙan dutse na ƙofar ruwan na nan tsaye, kuma a 1925 wata ƙungiyar ban ruwa ta zamani ce ma ta tsaga tsakiyar ganuwar ta mai da ita kanal. Boren manoma na 1894 da Jeon Bong-jun ya jagoranta shi ma a kan ruwa ya tashi, wani hakiminsu ɗan ƙasa ya sa su aikin sabuwar madatsa a Gobu sannan ya dawo yana karɓar kuɗin ruwanta.

Yunwa ta kama mu, kuma a garin nan sai ka yi hattara don naman alade na shiga har cikin miyar taliyar da suka yi suna da ita. Gasasshen kifi da farar shinkafa muka ci, muka sha ruwan sha'ir mai ɗumi, muka yi gaba.

Wurin da ya fi tsaya min a rai wata firamare ce a ƙauyen Balsan, cikin gundumar Gaejeong. Makaranta ce sak irin ta ƙauye, filin ƙwallo, lilo, tuta. Ka zagaya bayan azuzuwa sai ga wani gini na kankare tsaye shi kaɗai, murabba'i, tagoginsa ƙanana da sandunan ƙarfe da murfin ƙarfe a kai, ƙofarsa irin ta ma'ajiyar banki ce mai kauri, ƙirar Amurka. Ma'ajiyar Shimatani Yasoya ce, mai gonar da ta mamaye wannan yanki a da, a ciki yake ajiye kuɗi da takardun gonaki da kayan tarihi da ya tara. A gefe ga hasumiyar dutse mai hawa biyar da fitilar dutse da ya sa aka ciro daga wani tsohon wurin bauta a Wanju aka kawo masa don ƙawata lambu. Sai bayan an kori Japanawa aka yi makarantar a kan filin. Na sa hannu na taɓa ƙofar, sanyi ƙalau, hannun murɗawa ya daskare. Takardun hayar ƙauyuka guda nawa ne suka kwana a bayanta.

A nan muka zauna a kan benci yaron ya warware min zancen makaranta, don wani malaminsu ya taɓa kawo su wurin. A zamanin mulkin mallaka makaranta kashi biyu ce. 'Ya'yan Japanawa mazauna Koriya suna da nasu tsari da ƙungiyoyin makarantunsu, kusan kowane yaro na zuwa. 'Ya'yan Koriyawa kuma tun 1920 aka yi dokar asusun makaranta, kowace ƙaramar hukuma ta ɗora wa gidajen Koriyawa harajin makaranta a kan harajin gida da na ƙasa, kuma kana biya ko kana da ɗa a aji ko ba ka da shi. Ba a nan ya tsaya ba, ginin ma sau da yawa mutanen gari ne ke karo-karo da ba da fili da aikin gayya, in an buɗe kuma akwai kuɗin wata da yaro zai kawo, wanda bai kawo ba a koro shi gida. A 1929 aka fara shirin makaranta ɗaya a kowace gunduma, sai 1936 aka cika shi, gunduma guda fa mai ƙauyuka barkatai, makaranta ɗaya. Daga 1934 aka ƙara da wasu 'yan ƙanana na shekara biyu a lungu. Iyaye na son karatun sosai, har yara sun fi kujeru yawa ana tantancewa ana mayar da saura, ilimi na dole kuma da aka yi alkawari an sa shi ne a 1946, mulkin bai kai can ba. Wato ɗan hayan Shimatani yana iya shekara goma yana biyan kuɗin makarantar da 'yarsa ba ta taɓa leƙa ƙofarta ba.

To duk wannan kafin yaƙi ne. Da Japan ta shiga yaƙi gadan-gadan da Sin a 1937, ba ta buƙaci ƙirƙiro wani sabon abu don ta kai hannu cikin ƙauye ba, igiyar na nan a ɗaure. Tun 1914 an haɗe gundumomi an mai da su kusan 2,500, kowace da ofishinta, shugaban gunduma galibi Bakoriye ne, da malaman ofis masu riƙe da rajistar gidaje da ta gonaki, ga ƙaramin caji ofis a kusa, a ƙasa kuma mai gari. A 1938 aka ƙara ɗauri na ƙarshe, aka kasa kowane ƙauye gida goma-goma da shugabansu, ta hannunsa katin rabon kaya ke fitowa, ta hannunsa umarni ke sauka, taro duk wata ba fashi. Ina jin wannan sai na tuna namu, hakimi, dagaci, mai unguwa da malamin haraji, ta wannan hanyar ce dai Ingila ta ɗebi mutane aikin dole zuwa haƙar kuza a Jos daga 1942, yaƙi ɗaya ne, kowa na tatsar na hannunsa.

A 1939 aka yi fari mai tsanani a kudancin Koriya, girbin shinkafa ya faɗo daga wajen seok miliyan 24 zuwa wajen miliyan 14, seok ɗaya kuwa kusan lita 180 ne. Shirin ƙara noma da aka dakatar a 1934 saboda manoman Japan sun yi kukan shinkafar Koriya na karya musu kasuwa, sai aka tashe shi a 1940, aka koma haƙa tafkuna, wannan karon da aikin gayya na dole. Tare da shi aka fara karɓar shinkafa da ƙarfi a farashin gwamnati, abin da tsofaffinsu ke kira gongchul. Lamba ce ke saukowa daga sama, lardi ya raba wa ƙananan hukumomi, su raba wa gundumomi, gunduma ta raba wa ƙauyuka, daga baya ma tun ba a yi girbi ba ake yanka wa ƙauye nasa kuma a ɗora alhakin a kan ƙauyen dukkansa, in gida ɗaya ya gaza maƙwabta ne za su cike. Ka ga an mai da maƙwabci ɗan sandan maƙwabcinsa ba tare da an biya shi ko sisi ba. Kuma malamin ofis ya san abin da kowace gona ke bayarwa, ai a rubuce yake tun lokacin da ake yanka mata kuɗin ruwa, gonar da ke shan kanal ba ta da bakin cewa damina ce ba ta yi ba. In ƙauye bai cika ba sai ɗan sanda da malamin gunduma su zo da tsinin gora ko ƙarfe suna soka tarin kara da ƙasan ɗaki da bayan gida. A shekarun ƙarshe fiye da rabin girbi ake kwashewa, kuɗin ma ba duka ake ba ka a hannu ba, a cire wani a ce ajiyar dole ce, sannan a rabo maka tunkuzar waken soya daga Manchuriya, wadda da taki ake yi da ita, a ce ka ci. Buhunan da za a zuba shinkafar kuma kai za ka kwana kana saƙawa da kara duk lokacin sanyi. Kwanonin tagulla da cokula har da na bukin tuna kakanni aka bi gida-gida aka kwashe don yin harsashi.

Makarantar da suka biya da guminsu ita ma aka juya ta. Tun Oktoban 1937 yara ke karanta rantsuwar biyayya ga sarkin Japan a taron safe, a 1938 darasin harshen Koriya ya tashi daga dole, daga nan ya ɓace, a 1940 aka matsa wa mutane su ɗauki suna irin na Japanawa kuma malami na daga masu matsawar, yaron da gidansu ba su canza ba yana gani a aji. A 1941 aka sake wa makarantun suna, wanda ya zauna har 1996 kafin Koriya ta cire shi. Can gaba karatun ma ya zama na jeka-na-yi-ka, yara na daji suna tono saiwar wani itace mai ganye kamar allura ana tatsar mai, ko suna aikin gona a madadin mazan da aka kwashe zuwa ma'adinan kwal, daga 1944 kuma aka fara ɗaukar samari soja dole. Sunan wa za a rubuta, ɗan wa za a tsallake, a ofishin gunduma ake yankewa, kuma mai alƙalamin ɗan garin ne, shi ya sa da Japan ta sallama ran 15 ga Agustan 1945 a wurare da dama malaman gunduma da 'yan sanda 'yan ƙasa ne suka fara shan duka ko suka gudu.

A hanyar dawowa mun biya ta Iksan mun ga ofishin ƙungiyar ban ruwan da ta gina dam ɗin Daea, jan bulo, ginin 1930, yana nan tsaf. A mota muka ɗan yi musu. Yaron yace akwai masana, har a cikin Koriyawa, da ke cewa a bar zafin rai a duba lissafi, amfanin gona ya ƙaru, an samu kanal da layin dogo da makarantu da rajistar ƙasa, kuma ƙasar ta ɗora a kai daga baya. Nace ban musa ba, da idona na ga ruwan yana gudu. Amma in mutum ya karɓi kuɗina ya sa ni dakon ƙasa ya gina rijiya, ya sayar min da ruwan, ya kwashe abin da na noma da shi, ranar da ya tafi ya bar rijiyar don ba ta ɗaukuwa, ba zan bi shi da godiya ba. Yace Kawu kai dai ba za ka ci jarabawar malaminmu ba. Nace ai ba zan zauna ba.

Abin da ya canza ƙauyukan nan na gaske rabon ƙasa ne na 1950, aka ƙayyade wa kowane gida kusan hekta uku, ɗan haya ya mallaki gonar da yake nomawa ya biya cikin shekara biyar. Kuɗin ruwa kuwa ya fi Japanawa daɗewa nesa ba kusa ba, ƙungiyoyin sun canza suna sun ci gaba da karɓa, sai da manoman wannan yanki na Jeolla suka yi ta zanga-zanga a ƙarshen shekarun 1980 aka rage, a shekarar 2000 aka soke shi gaba ɗaya, hukumar gwamnati ta karɓi kula da kanal. Yanzu damuwarsu wata ce daban, shinkafar ta yi musu yawa, mutum ɗaya a 2023 wajen kilo 56 kawai ya ci a shekara, kusan rabin abin da ake ci shekara talatin kafin nan, har gwamnati na biyan manoma su shuka wani abu. Da muka ratsa ta Gimje yaron ya yi ta nuna min fadamun da aka yi wa kanal don shinkafa, waken soya ne a ciki, yace a kansa ma yake rubuta kundinsa, kuma in na koma in tambayar masa nawa ake sayar da buhu a Dawanau.